Wa ke ɗaukar lamunin ɗan koyo? Tarihin kariyar ɗalibai masu sitaji, daga Dungu zuwa dokokin ƙasa

0. Gabatarwa

Kowace shekara makarantun koyon aiki na Nijar suna tura ɗalibansu cikin karkara domin su ga aiki da idonsu, su kuma taɓa shi da hannunsu. Wannan shi ake kira « stage » da faransanci, kalmar da ta zama sitaji a bakin Bahaushen Nijar. Gari irin Dungu, cikin ƙasar Kance kusa da Matamaye a jihar Damagaram, na cikin irin wuraren da waɗannan ɗalibai ke sauka: mai koyon jinya a gidan likita, mai koyon malanta a lakwal, mai koyon aikin gona cikin fadamun rake na Korama. Tambayar da ta sa muka yi wannan ɗan rubutu ita ce: idan babur ya kayar da ɗalibin a hanya, ko allurar da aka yi wa majiyyaci ta soke shi, ko kuma shi da kansa ya yi kuskuren da ya cutar da wani, wa zai biya? Za mu bi tarihin amsoshin da aka bai wa wannan tambaya. Da yake nazarin harshe ne aikinmu, daga kalmomi za mu fara.

1. Kalmomin da ake magana da su

Faransanci na bambanta « risque », « danger » da « accident ». Hausa kuwa takan tara ukun cikin kalma ɗaya, haɗari ko hatsari, wadda ta fito daga Larabci khaṭar. (Harafin ṭ na Larabci yakan zama ɗ ko ts a Hausa, ta wannan hanya ce ṭālib ya zama ɗalibi.) Sai dai Hausa na da nata rabon, kuma a kan laifi ta gina shi. Kasada ita ce haɗarin da mutum ya shiga da saninsa. Ganganci da sakaci suna da mai su, watau akwai wanda za a tuhuma. Tsautsayi kuwa ba shi da mai laifi, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai ga abin da zai biyo baya, don kuwa duk tarihin dokar haɗarin aiki, a taƙaice, tarihi ne na yadda aka mayar da tsautsayi abin biya.

Kalma ta biyu ita ce lamuni. Asalinta Larabci ḍamān, ɗaukar nauyin asarar wani, bisa ƙa'idar nan sananniya ta juyar da ḍ zuwa l cikin tsofaffin kalmomin aro: alƙali daga al-qāḍī, larura daga ḍarūra, alwala daga al-wuḍū', lamiri daga ḍamīr. Wannan sura ta sauti na nuna cewa kalmar ta shigo tun da daɗewa, ta hanyar malaman fiƙihu. A yau ma'anarta ta fi karkata wajen bashi, amma ma'anar tsaya wa mutum ba ta ɓace ba. Abin lura shi ne, kalmar faransanci « garantie », wadda ke cike da takardun kamfanonin inshora, ba ta da fassarar da ta fi lamuni dacewa, amma duk da haka ba da ita aka fassara sabon abin ba. A Nijeriya an ari inshora daga Ingilishi, a Nijar an ari asuransi daga faransanci, kuma a kunnen mutumin karkara dukansu biyu sunan wata takarda ce da direba ke nuna wa jandarma. Kamfanin ƙasa SNAR-Leyma ya fi kusa da gane matsalar, da ya ɗauki sunan laima (daga Larabci al-khayma, tanti), abin da ake fakewa ƙarƙashinsa.

Mu ƙara da wani ɗan abu a gefe. Wasu masana asalin kalmomi na ganin « risque » ta samo tushe daga Larabci rizq, ta bakin fataken tekun Bahar Rum. In haka ne, to ita da arziki na Hausa uwarsu ɗaya.

2. Ɗan koyo kafin zuwan Nasara

A ƙasar Damagaram da Daura da kewayensu, sana'a gado ce a mafi yawan lokaci. Ɗan maƙeri a gindin maƙera yake tashi, ɗan magini a kan katanga. Idan yaro ya ƙone ko ya faɗo, maganar biya ba ta tasowa, tun da mai koyarwa da mai jinya da mai asara duk mutum ɗaya ne, watau uban. Tambayar tana tasowa ne lokacin da aka kai yaro gidan wani. A nan kalmar da ake amfani da ita ita ce amana: uba ya damƙa ɗansa ga malami ko ga ubangida ya ce ga amana. Ci da sutura da magani sun koma wuyan wanda ya karɓa, aikin yaron kuma ya zama nasa. Emmanuel Grégoire, cikin littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda wannan dangantaka ta ubangida da bara ta ci gaba da zama makarantar kasuwanci har cikin zamanin manyan motoci da banki.

Rigakafi ma akwai shi, sai dai da irin nasa salo. Maƙera na da maganin wuta da na ƙarfe, magina da masu haƙar rijiya na da nasu, kuma bai wa ɗan koyo wannan asiri na cikin abin da ke nuna an karɓe shi cikin sana'a. Ba mu ga dalilin raina wannan ba. Tare da laya da rubutun sha ake koya wa yaro inda zai tsaya da abin da ba a taɓawa, kuma sarkin maƙera ko sarkin magina na da ikon tsawata wa wanda ya yi ganganci. Idan kuwa abin ya auku, gudummawar dangi da maƙwabta ce ke ɗaukar nauyi. Guy Nicolas ya yi nazarin wannan zagayawar dukiya ta hanyar biki da kyauta a kanton na Kance cikin shekarun 1960, ke nan a ƙasar da Dungu take.

Bayan al'ada akwai fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalai ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Halil. Abubuwa biyu sun shafe mu. Na farko, diyyar kisan kuskure (raƙuma 100, ko dinari 1.000, ko dirhami 12.000) ba a kan wanda ya yi kuskuren kaɗai take ba: dangin uba, watau aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara 3, haka nan raunin da diyyarsa ta kai sulusi, abin da ya gaza sulusi shi ke fita daga dukiyar mai laifin. Wannan raba asara ne tsakanin mutane da yawa, wanda shi ne ginshiƙin kowace inshora. Na biyu, mai sana'a yana lamunce kayan da aka ba shi ya tafi da su. Hatta maganar malami da almajiri an taɓa ta: Ibn Sahnun, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa, inda ya yi maganar iyakar horo da alhakin malami in yaro ya cutu. Amma a lura: diyya tana buƙatar wanda ya aikata. Yaron da guduma ta kuɓuce daga hannunsa ta fasa masa ƙafa, ba shi da wanda zai kai ƙara.

3. Dokokin Faransa da tafiyar hawainiyarsu

Kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada, yana da aya ta 1384 da ke ɗora wa malaman makaranta da masu sana'a alhakin ɓarnar da ɗalibansu da ƴan koyonsu suka yi wa wasu lokacin da suke ƙarƙashin kulawarsu. Wannan ya amsa rabin tambayarmu, watau cutar da ɗan koyo ya yi. Cutar da aka yi masa kuwa, sai ya kawo hujjar laifin maigidan, abin da talaka ba ya iyawa sai da ƙyar.

Dokar 9 ga Afrilu 1898 ce ta canza wannan. Ta kafa ƙa'idar « risque professionnel »: ma'aikacin da ya yi haɗari saboda aiki ko a lokacin aiki za a biya shi ba tare da an nemi mai laifi ba, amma biyan ƙayyadadde ne, ba ya rufe dukan asara. Da Hausa sai mu ce an sa wa tsautsayi farashi. Dokar ta kuma hango matsalar da ke damun mu har yau: da wane albashi za a lissafa diyyar wanda ba shi da albashi? Aya ta 8 ta ce na ɗan koyo ba zai gaza mafi ƙanƙantar albashin lafiyayyen ma'aikaci mai irin aikinsa ba. A 1946 Faransa ta shigar da haɗarin aiki cikin tsarin « Sécurité sociale », ta kuma sa ɗaliban makarantun fasaha cikin waɗanda ake karewa.

Dokar 1898 ta fito ƙasa da wata ɗaya kafin a kashe kyaftin Cazemajou a Damagaram ranar 5 ga Mayu, kuma a 1899 Faransawa suka ci birnin. Amma dokar ba ta biyo sojojin ba. Abin da mutanen Kance da Matamaye suka fara sani na aikin Nasara shi ne aikin tilas: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki. Wanda ya ji ciwo a nan, gida ake mayar da shi. Ƙudurin 2 ga Afrilu 1932 ya kawo diyyar haɗarin aiki cikin Afirka ta Yamma ta Faransa, sai dai ya fi dogara ga haɗarin da inji ya jawo, a ƙasar da kusan dukan aiki na hannu ne da na dabba. Sai bayan dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke aikin tilas, da kundin dokokin aiki na 15 ga Disamba 1952, wanda ya tsara yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, sannan aka kai ga ƙuduri mai lamba 57-245 na 24 ga Fabrairu 1957. Wannan ƙuduri shi ne tushen duk abin da muke da shi. Ya ambaci ƴan koyo da ɗaliban makarantun fasaha da waɗanda ke cibiyoyin horo, game da haɗarin da ya same su saboda karatun ko a lokacinsa. Daga 1898 zuwa 1957 shekara 59 ke nan.

4. Bayan samun mulkin kai

Nijar ta yi kundin dokokin aikinta a 1962, ta sabunta shi a 1996 da 2012. A 1965 aka kafa asusun CNSS, kuma ƙuduri mai lamba 65-117 na 18 ga Agusta 1965 ya tsara haɗarin aiki da cututtukan sana'a bisa gurbin na 1957. Ƴan koyo da ɗaliban makarantun fasaha suna ciki. Maigidan aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin wannan reshe, shi ne kuma ke da nauyin sanar da haɗari cikin awa 48. Haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ana lissafa shi a matsayin haɗarin aiki.

A daidai wannan lokaci ƙasar Matamaye ta zama fagen gwaji. Gyaɗa ce arzikinta: ga kamfanin SONARA da ƙungiyar UNCC, dukansu na 1962, ga masana'antar man gyaɗa a Matamaye kanta, ga aikin « animation rurale » da sabon tsarin ƙungiyoyin manoma da aka gwada a yankin tsakiyar shekarun 1960, sannan shirin 3M (Mirya, Matamaye, Magarya) cikin shekarun 1970. Duk waɗannan na buƙatar ƙananan ma'aikata, kuma makarantu irin su IPDR ta Kollo da ENICAS ta Damagaram (wadda ta koma ENSP) da makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu aka kafa domin samar da irinsu. Ɗalibin wancan zamani kusan ma'aikacin gwamnati ne tun yana aji: gwamnati ta zaɓe shi, tana ba shi kuɗin hannu, asibitinta ke duba shi, kuma aiki na jiransa. Saboda haka tambayar wa zai biya ba ta da zafi. Gwamnati ta gaji matsayin ubangida, amana ta koma hannunta.

Wannan tsari ya karye tsakanin shekarun 1980 da 1990. Tsuke bakin aljihu ya tsayar da ɗaukar aiki kai tsaye, albashi da kuɗin ɗalibai suka riƙa makara wata da watanni, darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairu 1994. A ɓangaren kamfanoni kuma, yarjejeniyar CIMA da ƙasashe 14 suka sa wa hannu a Yaoundé ranar 10 ga Yuli 1992, har da Nijar, ta kawo kundin inshora guda wanda ya fara aiki a Fabrairu 1995. Gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011 ya ɗaure lamuni da biyan kuɗi tukuna: makarantar da ta sa hannu kan takarda amma ba ta zuba kuɗin ba, ɗalibanta ba su da laima.

5. Ƙetaren iyaka

Ɗan Matamaye da ya tafi karatu Katsina ko Kano yakan tarar da wani tsari dabam. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin tura ɗalibai masana'antu. Kula da shirin ya koma hannun hukumomin NUC da NBTE a 1979, ya dawo ga ITF a 1984. Ɗalibi na riƙe da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, malami na zuwa duba shi, kuma yi wa ɗalibai inshora na cikin ayyukan da aka lissafa wa ITF. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa ɗan koyo cikin ma'anar ma'aikaci. Fa'idar tsarin Nijeriya, a ganinmu, ita ce hukuma ɗaya ce ke da sunan shirin, ana sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ko da za a daɗe ba a buɗe ba.

6. Komawa Dungu

Tun da ƙungiyar UEMOA ta ɗauki tsarin LMD a 2007, aka kuma buɗe jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2010, sitaji ya daina zama abin makarantun fasaha kaɗai. Mai karatun labarin ƙasa, mai ilimin zaman jama'a, har da namu ɗaliban nazarin harshe masu zuwa ɗaukar magana a ƙauye, duk suna fita. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita. Ga kuma matatar man SORAZ da ta fara aiki a 2011, wadda ta kawo wa jihar irin haɗarin injin da ƙudurin 1932 ya yi tunaninsa tun babu shi.

Mu ɗauki misali na ƙaddarawa. Ɗaliba mai koyon jinya daga makaranta mai zaman kanta an tura ta gidan likitan Dungu na wata biyu. A doka, makarantarta ta fasaha ce, don haka tana cikin jerin 1965. To amma wa ke matsayin maigidan aiki? A tsarin Faransa nauyin ya faɗa kan shugaban makaranta, ba kan wurin da ya karɓi ɗalibin ba. Ke nan sai in makarantar ta yi wa ɗalibanta rajista, ta zuba kuɗi, kuma labarin haɗarin ya tashi daga Dungu ya isa birnin Damagaram cikin awa 48. Babban jami'in gidan likitan, wanda shi ya ga abin da idonsa, ba ɗalibarsa ba ce a takarda. Idan kabu-kabu ne ya kayar da ita tsakanin Matamaye da Dungu, kundin CIMA ya wajabta wa mai babur inshorar da ke rufe fasinja, amma duk wanda ya san tashoshin karkara ya san yadda wannan wajibi yake a aikace. Idan cuta ta kama ta, sai cutar na cikin jerin cututtukan sana'a da doka ta amince da su. Kuma cuta ba ƙaddarawa ba ce a wannan yanki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu, mafi yawa a Dungas (kada a rikita ta da Dungu), sai Matamaye a bayanta, a 2023 kuma gundumar lafiya ta Matamaye na cikin inda mashaƙo ya fi tsanani a ƙasar.

Ɗalibin jami'a mai bincike ya fi ta zama a fili. Kalmar « enseignement technique » an rubuta ta ne a 1957, lokacin da babu jami'a ko ɗaya a Nijar (ta Yamai sai a 1971 ta fara, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973). Faransa ta toshe nata gurbin da yarjejeniyar sitaji mai hannu uku, ɗalibi da makaranta da mai karɓa, wadda ta zama tilas a 2006 aka ƙarfafa ta a 2014. Makarantunmu sun kwaikwayi takardar, amma takarda ba ta haifar da asusu. Ayar da ke cewa ɗalibi na ƙarƙashin lamuni tana da daraja ne kawai in an ambaci sunan mai lamunin da lambar yarjejeniyarsa.

Akwai kuma shakkar addini, wadda bai kamata a yi kamar babu ita ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, ta taimakon juna kuwa ta halatta, kuma tun 1979 aka buɗe kamfanin takaful na farko a Sudan. Reshen haɗarin aiki na CNSS, wanda ba riba yake nema ba kuma ɗalibi ba ya zuba ko tamma a cikinsa, ya fi kama da aƙila fiye da caca. Sai dai ba da wannan harshe ake bayyana shi ga iyaye ba.

A nan ne aikin sashenmu ya shigo. Yarjejeniyar sitaji da faransanci ake rubuta ta, alhali maigarin da zai sauki ɗalibin, da mai ɗakin da zai kwana, da uban da za a kira in abu ya faru, da Hausa suke magana, kuma su abin da suka fahimta shi ne an kawo musu amana. Fassarar da za ta yi amfani dole ta raba abubuwa uku da takardar ke cakuɗawa. « Responsabilité civile » ita ce alhakin ɓarnar da ɗalibi ya yi wa wani, « accident du travail » tsautsayin da ya same shi a bakin aiki ko a hanyarsa, « garantie » kuma lamuni, tare da sunan wanda ya ɗauka. Muna ba da shawarar a gwada waɗannan kalmomi uku a Dungu da Kance da Matamaye, gaban ma'aikatan gidan likita da shugabannin lakwal da iyayen ɗalibai, a ga ko lamuni zai iya komawa ga tsohuwar ma'anarsa ko kuwa bashi ya riga ya cinye shi.